Shekarar da Muka Ƙona Bencinan Coci

Bana bazara ta yi tsawo. Hadari zai haɗo daga gabas da la'asar, iska ta taso, mu kwashe shanya, sai ya watse ya bar mu da gumi. Makon jiya kuma wata mota ta zagayo da lasifika, ana cewa amai da gudawa ya ɓulla a wasu ƙauyuka wajen Gwaram, kowa ya tafasa ruwan sha. Matar ɗana ta tafasa ta zuba a randa. Da na kurɓa na ji salam ɗin nan na dafaffen ruwa, da ɗan warin hayaƙi a ƙarshensa, sai na ajiye moɗar. Jikata ta ce, "Hajiya, ba daɗi ko?" Na ce mata ba rashin daɗin ne ya dame ni ba. Na taɓa yin sati shida ba na shan wani ruwa sai irinsa, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Muna zaune a wani ɗan ƙauye gefen Farin Dutse, ni da maigidana da 'yarmu Hansai, wadda ko yaye ta ba a yi ba. Bayan gonakinmu, in ka tsallake rafi, akwai ɗakin shan magani na 'yan mishan. Ɗakuna uku ne na ƙasa masu rufin kwano, da ɗan coci, da rijiya, da rumbu biyu, da wata babbar tsamiya. Mutum uku ke riƙe da wurin. Akwai wata tsohuwar Baturiya nas da muke kira Sista Doguwa. Akwai Malam Bitrus mai bishara, mutumin kudancin Zariya, da matarsa Saratu, wadda ke taya Sista aiki tana kuma dafa wa majinyata abinci. Mu dai gyambo da saran maciji da haihuwa mai gardama ke kai mu can. Mu karɓi magani, mu ce mun gode, mu dawo da addininmu yadda muka tafi da shi.

Maigidana ya ci kasuwar Gwaram, washegari amai da gudawa ya kama shi. Kafin azahar idanunsa sun faɗa, fatar yatsunsa ta yamutse kamar ta wanda ya wuni yana wanki, muryarsa ta shige ciki. Yayansa, Yaya Ado, ya taimaka muka ɗora shi a amalanke. Na miƙa Hansai ga Inna, mahaifiyarsu, na ce zan dawo kafin magariba in ba ta nono.

Mun tarar da mutane kwance har ƙarƙashin tsamiya. Sista ta kama hannun maigidana, ta tsunkuli fatar cikinsa, fatar ta tsaya cak ba ta koma ba. Ta sa masa ƙarin ruwa. Yaya Ado ya juya da amalankensa. Da la'asar sai ga motar gwamnati. Dubagari ne daga Birnin Kudu, da 'yan sanda biyu. Bai ko sauko ba. Ya sauke gilashi kaɗan, ya toshe hanci da hankici, ya ce daga yau an rufe wurin nan, marar lafiya zai iya shiga amma ko kaza ba za ta fita ba sai hukuma ta ba da izini.

Na ruga na durƙusa gefen motar. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni lafiyata ƙalau. Ina da goyo a gida."

Ya ce, "Matsa can, kada ki taɓa motar."

Sista ta tambaye shi abinci da magani. Ya ce cikin kwana uku mota za ta kawo hatsi da itace da kwalaben ƙarin ruwa, gwamnati ta san da mu. Aka sa mazan ƙauyenmu suka saro ƙaya suka kewaye wurin, 'yan sandan suka kafa rumfa can nesa inda iskarmu ba za ta kai su ba.

Kwana uku suka wuce, sati ya wuce, babu ko ƙurar mota. Sista tana da 'yar rediyo, kullum ana cewa ƙasa ta samu arzikin mai, za a yi tituna da gadoji. Majinyatan da suka biyo ta Birnin Kudu suna ba mu labarin manyan motoci jere ɗauke da siminti. Mu kuma muna ƙirga cokalin sukari.

Ga yadda yini yake tafiya. Da assalatu na yi sallata a bayan rumbu. Gari na fara haske sai Malam Bitrus ya buga wani tsohon wilin mota da ke rataye a tsamiya, su uku su shiga coci. Waƙa suke yi da Hausa, Saratu na ja da siririyar muryarta, Malam na bi da ƙasa, Sista na ɓata kari. Malam ya karanta littafinsu, su durƙusa, su ambaci majinyata ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Ranar da na fara jin sunan maigidana a bakinsu na rasa haushi zan ji ko godiya. Daga nan sai rijiya. Ni da Saratu mu ja guga har tafin hannu ya tsage, mu cika duro biyu, mu hura wuta. Doka ce a wurin Sista, ruwan da bai tafasa ba ko kurkure baki ba a yi da shi. Ta auna gishiri da sukari ta zuba, mu bi majinyata da ludayi da cokali. Mutum ya sha ya amayar, ka goge masa baki ka sake ba shi. Haka har hantsi, har azahar, lokacin da kwanon rufi ke ƙara don zafi, ƙudaje suka yi baƙi a bakin ƙofa, ƙurajen zafi suka feso mana a wuya da baya. Da la'asar wanki da toka da ruwan zafi. Malam Bitrus kuwa shi ke kwashe bahunan ƙazanta ya kai rami, aikin da a ƙauyenmu ko da kuɗi ba za ka samu namijin da zai yi shi ba.

Ni ga nono ya cika ya yi tauri, zazzaɓinsa ya rufe ni. Saratu ce take jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta gasa mini, tana cewa, "Yi haƙuri, Dije ƙanwata. Ni Ubangiji bai ba ni ba, amma na san da ciwo." Cikin sati biyu nonon ya ƙafe.

Kada a ce waliyyai nake ba da labari. Sista faɗa gare ta kamar me, ta taɓa watsar mini da kunu guda don ta ga ƙuda ya sauka a bakin ƙwarya, a ranar da ba mu da wani. Malam Bitrus kuma, da maigidana ya fara buɗe ido, sai na tarar da shi zaune a gefensa da littafi a buɗe, yana tambayarsa ko ya san inda za shi in ya mutu. Raina ya tashi.

Na ce, "Malam, mutumin da ba ya iya ɗaga cokali kake wa wannan tambaya? Ka bari ya miƙe da ƙafarsa, in ya so ku zauna ku yi ta yi har gobe."

Ya ce, "Dije, aikin da aka aiko ni ke nan."

Saratu tana bayana da bokiti. Ta ce, "Malam, gaskiyarta. Wanda ƙaya ta tsare ba baƙonka ba ne. Rufe littafin ka karɓi bokitin nan."

Ya rufe, ya karɓa. Bai ƙara yi wa wani na kwance wa'azi ba. Shi ne ma daga baya yake duba agogon Sista ya ce mana, "Jama'a, azahar ɗinku ta yi," don ba ma jin ladan daga can.

Sukari ya ƙare, muka koma ruwan kunu tsararo da gishiri. Rumbu ɗaya ya ƙare, aka buɗe na biyu. Tuwo sau ɗaya a yini, miyar kuka ba daddawa, daga baya ma sai ganyen zogale da Saratu ke tsinkowa har bishiyar ta zama sanduna. Kowane abinci sai sun haɗa hannu sun yi godiya a kansa, ko da ludayi biyu ne. Yunwa irin ta zafi daban take, ba ta murɗa ciki, jiri take kawowa, ka ɗago guga ka ga rijiyar na juyawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne itace. Ba wuta, ba ruwan sha. Malam Bitrus ya tsaya bakin ƙaya yana roƙon masu wucewa su jefo mana ko ƙirare ne. Mutanen da Sista ta yi shekaru tana wanke wa gyambo suka riƙa sauya hanya. Amma da ciwon ya shiga gidajensu, nan suke kawo nasu su shimfiɗe bakin ƙaya su gudu. Muka ƙona karan dangar makewayi, muka ƙona turmi da ya tsage, muka ƙona ƙyauren ɗakin ajiya. Ranar wata Asabar babu sauran abin ƙonawa, ga mutane kwance suna kiran ruwa. Malam Bitrus ya shiga coci ya daɗe. Sai ga shi ya fito da benci a kafaɗa. Shi ya sassaƙa bencinan cocin da hannunsa shekarun baya. Ya sa gatari.

Sista ta ce, "Bitrus, gobe Lahadi."

Ya ce, "Ubangiji yana jin na zaune a ƙasa, Sista."

Bencina takwas ne, duk ya fito da su ran nan. Sun kai mu kwana goma sha ɗaya. Ranar Lahadin a kan tabarma suka yi sujadarsu, su uku, cikin ɗaki fayau.

Sau ɗaya Yaya Ado ya zo. Ya tsaya nesa, ya wurgo ƙullin garin gero da bai cika mudu biyu ba, ya faɗa cikin ƙaya ya yage. Na ɗaga murya na ce, "Yaya, don Allah ka ɗauko mini Hansai in gan ta ko daga nan ne."

Ya ce, "Ba za a kawo yarinya nan ba. Gari ya ɗauka, an ce rijiyar mutanen nan ce ta kawo ciwon. An kuma ce kin bar salla, da ke ake waƙa."

Na ce, "Ƙaninka a kasuwa ya kwaso, kai ka ɗora shi a amalanke. Ko ka manta?"

Ya juya ya tafi. Ko jikin ƙanin nasa bai tambaya ba. Na durƙusa ina tsince gari daga cikin ƙaya da ƙasa, ina kuka don haushi.

An yi mace-mace. 'Yan sanda suka hana liman shigowa. Wani dattijo makiyayi da ya warke, Baba Jauro, shi ya riƙa yi wa mamata salla, mu mata mu wanke mata, maza su wanke maza. Malam Bitrus ke haƙa kabari a ƙasar da ta bushe kamar dutse. Ranar farko ya tsaya da diga a hannu ya ce, "Baba, nuna mini yadda kuke kwantar da naku, kada in yi kuskure." Baba Jauro ya zana masa da sanda. Likkafani kuwa zannuwan gadon Sista ne, ta fito da su ɗaya bayan ɗaya har ta koma kwana a kan tabarma.

A sati na huɗu ruwa ya sauka. Da hantsi ne, gari ya yi duhu, iska ta kwashe rumfar 'yan sanda, sannan ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Muka fito muka tsaya a cikinsa, ƙurajen jikinmu na zafi. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Maigidana ya warke lokacin, sai dai rama. Ya dogara sanda ya je bakin ƙaya. Daga nan ana hango gonarmu tsallaken rafi. Gonakin maƙwabta sun cika da mutane, maza na sara da sungumi, mata na bi suna zuba iri suna takewa. Tamu ce kaɗai ba kowa.

Ya kira ɗaya daga cikin 'yan sandan ya ce, "Yallaɓai, ga gonata can. Ba zan shiga gari ba, ba zan yi wa kowa magana ba. Yini ɗaya kawai."

Ɗan sandan ya ce shi ba shi da iko, sai takarda ta zo. Wa zai kawo takardar? Dubagari. Ina dubagari? Ba wanda ya sani. Mutum lafiyarsa ƙalau yana tsaye yana kallon shekararsa na wucewa saboda takarda.

A ƙasan rumbun mishan akwai zangarniyar gero ta iri da Saratu ta ɓoye. Sista ta ce a daka a ci, akwai masu jin yunwa yau. Maigidana ya ce in aka ci iri an ci baɗi. Suka ja, har Saratu ta raba gardama, rabi turmi rabi ƙasa. Akwai fili cikin shingen, bayan coci. Duk mai iya tsayuwa ya fito. Maigidana da Malam Bitrus suna gaba da sungumi, ni da Saratu da wasu mata biyu muna bi da ƙwarya, Baba Jauro na gyara mana layi. Saratu na rera waƙarsu a hankali, maigidana na salati, taɓo na kama ƙafa. Rabona da dariya tun ranar da aka rufe mu, sai ran nan.

Kwana shida bayan shukar, Saratu na tsaye bakin murhu sai ta dafe ciki. Ta dube ni ta ce, "Dije, ya zo." Babu ƙarin ruwa ko kwalba ɗaya. Ta ƙarshe tun sati biyu aka sa wa wata mai jego, kuma Saratu ce da bakinta ta ce a sa mata. Sista ta je bakin ƙaya, tsohuwa da ita, ta roƙi 'yan sanda ɗaya ya hau keke ya kai saƙo Birnin Kudu. Ya tafi, ya dawo washegari ya ce dubagari ya tafi Kano taro.

Na zauna na ɗora kanta a cinyata ina ba ta ruwan kunu da cokali. Jikin da ya yi sati biyar yana cin rabin ƙoshi ba shi da abin da zai riƙe. Ta ce in kira Malam. Ya zo ya riƙe hannunta yana karanta mata wani wuri da ta ce tana so. Ta ce masa, "Kada ka yi fushi da kowa." Ta ce mini, "Ki gaishe mini da Hansai." Da la'asar sakaliya ta cika.

Ni na wanke ta. Babu sauran farin zane, na kwance mayafina na rufe ta da shi. Maigidana da Baba Jauro suka karɓe digar daga hannun Malam suka ce yau ba shi zai haƙa ba. Baba Jauro ya ce, "Malam, kai ma nuna mana yadda kuke kwantar da naku." Sista da Malam suka ɗauki waƙa, babu mai ja musu, suka kasa kai ta ƙarshe. Mu muna tsaye a bayansu har aka rufe.

Kwana huɗu da binne ta sai ga motoci har uku. Dubagari, da wani babba cikin farar riga, da mai ɗaukar hoto. Ciwon ya riga ya lafa. Aka sauke kwalaye na ƙarin ruwa aka jera su gaban tsamiya, aka ce mu da muka warke mu tsaya bayansu mu yi murmushi. Sannan dubagari ya zaro takarda ya karanta cewa bincike ya nuna rijiyar wurin nan ce tushen cutar, don haka za a toshe ta, a kuma rufe ɗakin maganin. Wane bincike? Mutumin da ko inuwar tsamiyar bai taɓa shiga ba. Daga mota ta uku aka sauko da buhunan siminti. Simintin gwamnati na farko da ya taɓa zuwa yankinmu ke nan, an kawo shi ne don a toshe rijiyar da ta rayar da mu.

Ban san lokacin da na fita daga layin hoto ba. Maigidana na jan zanena yana cewa, "Dije, rufa mana asiri." Na fizge. Na ce, "Ranka ya daɗe, kwana uku ka ce. Ga kabarin matar da kwalba biyu cikin kwalayen nan za su tayar. Ka je ka karanta mata takardar." Babban nan ya tambayi dubagari me matar ke cewa, alhali Hausa yake ji sarai. Dubagari ya ce zafin ciwo ne bai sake ni ba. Malam Bitrus yana tsaye yana kallon yadda ake kwaɓa siminti da ruwan rijiyar.

Muka koma gida. Hansai ta gan ni ta ɓuya bayan Inna tana tsala ihu. Aka ware mini ƙwarya da moɗa daban har tsawon wata. Muka yi shuka a makare, ciyawa ta riga ta rufe gonar, abin da muka girbe bai kai mu ko sanyi ba. Sista aka mayar da ita Jos, daga can na ji ta koma ƙasarsu. Malam Bitrus ya biyo ta ƙofar gidanmu da akwatin ƙarfe a ka, ya yi mana sallama, ya ce geron bayan coci na waɗanda suka shuka shi ne.

Geron nan ya yi kyau fiye da na kowa a shekarar, don ya samu ruwan fari, maigidana kuma yana zuwa yana nome shi. Da ya nuna, kafin mu shirya, mazan ƙauye suka riga mu. Mutanen da suka hana mu ƙirare suka shiga da lauje da magirbi, suka ce kayan da ba mai shi ne, suka raba. Da yamma sai ga Yaya Ado ya yi sallama, ya jingina dami ɗaya a bangon zaurenmu.

Ya ce, "Ga naku. An ce a saka da ku tunda kun zauna can."

Gidanmu ran nan babu abin da za a ɗora. Maigidana ya sunkuyar da kai. Ni na ɗauki damin a ka, na ratsa gari da shi ana kallo, na je na jibge shi a ƙofar gidan Yaya Ado, na dawo muka kwana da ruwan kanwa.

Shekaru da yawa bayan haka, da ciwon ajali ya kama Yaya Ado, ya aiko a kira ni, ya ce in yafe masa. Na yafe, don ya roƙa. Dubagari kuwa ko sunansa ban sani ba, bai kuma taɓa zuwa ya roƙa ba.